Shafin Tambaya da Amsa: Zuwa Ganin Jami'a Kafin A Cika Fom

Duk lokacin da rajistar jarrabawar JAMB ta gabato, wasiƙun da ke zuwa wannan shafi sukan karkata ga batun zaɓen makaranta, kuma da yawa daga cikin na wannan karon tambayarsu ɗaya ce: ko ya dace mai neman gurbin karatu ya taka ya je ya ga jami'a tun kafin ya rubuta sunanta a fom. Mun zaɓo huɗu daga ciki, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na sakandare a Funtuwa, kuma burina in karanta aikin injiniya na lantarki. Zuciyata ta rabu tsakanin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Bayero da ke Kano. Na so in je in ga kowacce da idona, tunda an ce gani ya kori ji, amma yayana ya ce asarar kuɗin mota ce kawai, domin komai yana intanet, kuma ranar tantancewa ai zan gani. Shin akwai amfani in je? Idan akwai, me zan duba?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Yayanka yana da gaskiya a kan tsadar kuɗin mota, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, amma ban goyi bayansa ba a kan lokacin da ya ce ka je. Kafin ranar tantancewa, wadda jami'a take yi wa masu neman gurbi bayan jarrabawar JAMB, an riga an gama zaɓen makaranta. Manyan jami'o'in gwamnatin tarayya ba kasafai suke waiwayar wanda bai sa su a zaɓin farko ba, saboda haka sunan da ka rubuta a layin farko shi ne kusan dukan shawarar, kuma idan daga baya ka ga wurin bai yi maka ba, sai ka koma cibiyar rajista ka biya kuɗin sauya makaranta, wani lokacin ma bayan wadda kake son komawa ta rufe karɓar masu neman tantancewa. Ita kanta ranar tantancewar rana ce ta cunkoso da fargaba, ba wanda yake da sukunin duba komai a cikinta, wasu makarantun kuma ta intanet suke gudanar da ita.

Kai kuwa Allah ya sauƙaƙa maka tafiyar. Hanyar da ta taso daga Funtuwa zuwa Zariya ta Giwa da Shika take bi, ta ratsa Samaru ta gaban babbar ƙofar jami'ar, ita kuma hanyar Kano ta Malumfashi da Gwarzo tana wucewa ta gaban sabuwar harabar Jami'ar Bayero kafin ta shiga gari. Tsangayar aikin injiniya ta kowacce a nan take, wato Samaru a Zariya, sabuwar haraba a Kano. Na fara da wannan ne domin yawancin jami'o'inmu ba wuri ɗaya suke ba. Wanda zai karanta aikin lauya a Zariya a Kongo zai zauna, mai karatun likita zai ƙarasa shekarunsa a asibitin koyarwa na Shika, a Kano kuma asibitin Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya yana da tazara mai yawa da titin Gwarzo. Akwai masu zuwa su yi wuni guda suna zagaya harabar da ba za su zauna a cikinta ba.

A Amurka da Ingila jami'o'i ne da kansu suke shirya wannan ziyara, su sa rana, su naɗa ɗalibin da zai zagaya da baƙi da iyayensu. A nan ba a saba yin haka ba, kai ne za ka shirya wa kanka, kuma a ganina akwai alheri a cikin hakan, domin za ka tarar da wurin yadda yake kullum, ba wanda ya share shi dominka. Ka zaɓi Talata ko Laraba a tsakiyar zangon karatu, ka isa da safe. Kada ka je lokacin hutu, ko lokacin jarrabawa da ba mai sauraronka, ko makon bikin yaye ɗalibai da ake shafa sabon fenti a yanke ciyawa. Kafin ka tashi ka tabbatar ana cikin karatu, domin yajin aikin malaman jami'o'i na 2020 da kuma na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, sun sa kowace jami'a ta shiga bin jadawalinta daban. Ka riƙe katin shaidarka, ka yi shiga ta kamala, idan masu gadi suka tambaye ka ka faɗa musu gaskiyar abin da ya kawo ka.

Da ka shiga, kada ƙofa da dogon ginin hukumar gudanarwa su ɗauke maka hankali. Mai neman gidan haya ba ya tsayawa a zaure ya biya kuɗi, sai ya shiga ya ga ɗaki da rijiya. Ɗakinka shi ne sashen da za ka yi shekara biyar a cikinsa, saboda haka ka tambayi hanyarsa ka nufe shi kai tsaye, ka fara da allon sanarwa. A nan za ka ga jadawalin lakca, ka san ko ana fara darasi da sassafe ana kaiwa yamma, ka ga sanarwar sakamakon jarrabawa da ranar da aka liƙa ta, ka kwatanta da lokacin da aka yi jarrabawar. Idan an liƙa jerin lambobin ɗalibai, ka kwatanta tsawon jerin 'yan aji biyu da na 'yan aji biyar, domin bambancin zai nuna maka yawan waɗanda suke sauya kwas ko suke maimaita shekara. Sannan ka tsaya a bakin ɗakin lakca ana cikin darasi, ka duba ko akwai masu tsayuwa a taga don rashin kujera, ka kuma saurara ko na baya suna jin muryar malami.

Wurin da na fi so ka daɗe shi ne ɗakin gwaje-gwaje da ɗakin koyon aiki da injuna. Ka yi sallama, ka gaishe da ma'aikacin da ke kula da wurin da girmamawa, domin su ne suka fi kowa sanin gaskiyar sashe, kuma galibi suna jin daɗin yaron da ya nuna sha'awar aikinsu. Na'urar da ake aiki da ita ba ta ɓuya: wayoyinta a jone suke, fentin maɓallanta ya koɗe saboda yawan taɓawa, akwai littafin da ɗalibai suke sa hannu a kusa da ita mai ɗauke da kwanan watan wannan mako. Wadda aka ajiye don baƙi kuma za ka gan ta a lulluɓe da leda, ƙura ta kwanta a kanta, wani lokacin ko kwalinta ba a jefar ba. Ka tambaye shi ɗalibai nawa ne suke haɗuwa a kan na'ura ɗaya, da kuma yadda ake yi idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar gwaji, ko akwai janareta ko sola na sashen, ko kuwa sai a ɗage. Mai son karatun lantarki ya kamata wannan tambayar ta dame shi fiye da kowa.

Bayan haka ka nemi 'yan aji uku ko aji huɗu, domin sababbin shiga ba su gama sanin wurin ba, 'yan ajin ƙarshe kuma hankalinsu ya tafi ga aikin bincikensu na kammalawa. Kada ka tambaye su ko sashen yana da kyau, domin kowa zai kare makarantarsa. Ka tambayi abin da yake da amsa ƙwaya ɗaya: sau nawa suka shiga ɗakin gwaji a zangon da ya wuce, ina suka samu gurbin horon sanin makamar aiki na wata shida da ake kira SIWES, shin sashen ne ya taimaka ko kowa ya nema wa kansa, wane darasi ne ya fi kayar da mutane kuma me ya sa. Ka leƙa laburare, kamar na Kashim Ibrahim a Samaru, ka je kantar littattafan fanninka ka buɗe bango ka ga shekarar bugu, ka tambayi ƙarfe nawa ake rufewa da dare.

Kafin ka fita ka biya ta ofishin sashen ka yi tambaya biyu. Ta farko, matsayin amincewar hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ga kwas ɗin: cikakkiyar amincewa ta shekara biyar ce, ta wucin gadi ta shekara biyu, wanda aka hana kuwa ba a yarda ya ɗauki sababbin ɗalibai ba. Aikin injiniya yana buƙatar amincewar majalisar injiniyoyi ta COREN ma, kamar yadda likitanci da aikin lauya suke da nasu majalisun. Ta biyu, makin da aka tsaya a kansa wajen ɗaukar ɗalibai a sashen bara, domin ya sha bamban da mafi ƙarancin makin da jami'a take sanarwa. Tsarin ɗauka a jami'o'in tarayya kashi 45 ne cikin 100 na cancanta, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya wajen ilimi, saboda haka ka tambayi inda jiharka ta faɗa a lissafin kowacce. Ka tafi da ɗan littafi ka rubuta amsoshin tun kana wurin, iri ɗaya a Zariya da Kano, don ka sami abin kwatantawa idan ka zauna da yayanka.

TAMBAYA: Malam, ni mahaifi ne daga Argungu. 'Yata ta dage tana son karatun aikin jinya a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, mahaifiyarta ma tana goyon bayanta, amma ni hankalina bai kwanta da zaman 'ya mace a ɗakin kwanan ɗalibai ba, ga kuma halin tsaro da ake ciki. Wani abokina ya ce in je in gani da kaina. Yaya zan yi ziyarar ta yi amfani?

AMSA: Alhaji, Allah ya saka maka da alheri da ka nemi ganin wurin maimakon ka yanke hukunci daga gida. 'Yan mata da yawa masu ƙwazo karatunsu ya tsaya ne a kan tsoron da iyayensu ba su taɓa zuwa sun auna ba, alhali asibitocinmu suna kukan ƙarancin mata ma'aikatan jinya, kuma mu ne muke fara ƙorafi idan muka kai iyalinmu ba mu tarar da mace ba. Shawarata ta farko ita ce ku tafi ku uku, kai da yarinyar da mahaifiyarta ko wata gwaggonta, domin ba a barin namiji ya shiga cikin ɗakunan kwanan mata, kuma abin da ake buƙatar gani a ciki yake.

Su shiga da safe, lokacin da ake layin ruwa. Su duba ko famfo yana kawowa, ko rijiyar burtsatse ce, ko sai tanka ta zo, su ƙirga bokitai da jarkokin da aka jera a bakin ɗakuna, domin yawansu yana nuna yadda ruwa yake yankewa. Su leƙa banɗaki, su ga inda ake girki da kuma ko an yarda a yi amfani da gas ko risho. Su tambayi 'yan ɗakin mutum nawa hukuma ta rubuta, mutum nawa ne kuma suke kwana, domin a makarantu da yawa waɗanda ba su sami gado ba sukan raɓa da ƙawayensu. Kai kuma ka je ofishin kula da harkokin ɗalibai ka tambayi yadda ake rabon gado. Akasari sababbin shiga da 'yan ajin ƙarshe ake fifitawa, wanda ke nufin a shekarun tsakiya yarinya tana iya rasa wuri ta koma haya a wajen makaranta, kuma wannan ita ce gaɓar da ta fi cancantar damuwarka. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka sace a watan Satumba na 2023 daga gidajen haya na Sabon Gida aka ɗauke su, haka ma ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka sace a watan Oktoba na shekarar, a masaukinsu na wajen makaranta aka same su. Don haka ka sa a nuna maka unguwannin da ɗalibai suke kama haya, ka daure ka kai magariba a can, ka ga ko akwai haske a layin, ko akwai 'yan sintiri, da nisan wurin da ofishin 'yan sanda.

Mazaunin dindindin na wannan jami'a, wadda aka kafa a 1975, yana wajen gari ne, kuma a 2010 ambaliya ta cinye gadar da ke kan hanyar zuwa can har karatu ya tsaya. Na ambaci wannan ne don ka san sufuri babban al'amari ne a wurin. Ku bar motarku a gari ku shiga motar da ɗalibai suke shiga, ku ji kuɗinta, ku ga yadda ake layi da safe, ku tambayi direba lokacin da motar ƙarshe take tashi da dare. Karatun jinya shekara biyar ne, kuma wani ɓangare nasa a asibitin koyarwa da ke cikin gari ake yin sa, har da aikin dare, saboda haka ku je can ma ku tambayi inda ɗalibai mata suke kwana a wannan matakin. Ku biya ta asibitin makaranta ku ji ko yana aiki dare da rana, ko akwai motar ɗaukar marasa lafiya, da abin da kuɗin inshorar lafiya da ake haɗawa a rajista yake ɗauka. Ka kuma tambaya ba tare da jin nauyi ba: idan malami ko ma'aikaci ya matsa wa ɗaliba, wane ofishi take kai ƙara, kuma wace ce macen da za ta saurare ta?

Abu ɗaya nake roƙonka, Alhaji. Idan kun shiga ofis, ka bar yarinyar ta yi wasu tambayoyin da bakinta. Ita ce za ta zauna a wurin ba tare da kai ba, kuma yadda za ka ga ta tsaya gaban babba ta yi magana da ladabi ta nemi abin da take so zai ba ka amsar da gini ba zai ba ka ba.

TAMBAYA: Malam, ni maraya ne a Nguru, mahaifiyata da 'yar sana'ar cikin gida take riƙe da mu. Ina son Jami'ar Maiduguri, amma ko kuɗin fom da ƙyar muka haɗa, balle na zuwa ziyara. Wani mutum kuma ya ce in ba shi kuɗi zai sama mini gurbi. Me zan yi?

AMSA: Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa wa neman mahaifiyarka albarka. Kada ka ba mutumin nan ko sisi. Tun 2017 duk gurbin karatu na gaskiya ta manhajar CAPS ta hukumar JAMB yake fitowa, kai ne za ka shiga ka gani ka kuma amsa, kuma wanda sunansa bai shiga rajistar hukumar ba zai sha wahala idan lokacin bautar ƙasa ya zo.

Idan ba za ka iya zuwa Maiduguri ba, ka aiki idon wani. Kusan kowace jami'a tana da ƙungiyar ɗalibai 'yan jiha ko 'yan ƙaramar hukuma, akwai kuma ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, kuma malaman makarantarku za su san tsofaffin ɗalibansu da suke can. Ka sami ɗaya a sashen da kake so, ka roƙe shi ya kira ka ta bidiyo a WhatsApp yana tafe daga ɗakin kwana zuwa ɗakin lakca, sannan ya faɗa maka abin da yake kashewa a mako ɗaya a abinci, ruwa, mota da buga takardu, domin irin wannan kuɗin yau da gobe ne ya fi kuɗin rajista karya ɗan talaka. Ka tambaye shi ko ɗaliban makarantar suna samun rancen ɗalibai na gwamnatin tarayya, NELFUND, da aka fara a 2024, wanda babu ruwa a kansa, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, yana kuma ba da ɗan abin riƙewa duk wata. Sannan kada ka raina na kusa. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, da aka kafa a 2013, tafiyar sassafe ce daga Nguru ka dawo gida a ranar, kuma wanda yake iya zuwa gida ya ɗebo garin tuwo a ƙarshen mako ya rage wa mahaifiyarsa nauyi mai yawa. Ka je ka ga ko suna da kwas ɗin da kake so.

TAMBAYA: Malam, ni uwa ce a Jos. Ɗana bai sami gurbin likitanci ba sau biyu, sai wani wakili ya kawo mana hotuna da bidiyon wata jami'a mai zaman kanta a ƙasar waje, ya ce babu yajin aiki kuma za a gama da wuri. Ba mu da halin zuwa mu gani. Ko hotunan sun isa?

AMSA: Hajiya, ba su isa ba, domin wanda ya kawo su la'ada yake samu a kan kowane ɗalibi, kuma shi ya zaɓi kusurwar da aka ɗauka. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya bayyana yadda ya sami takardar digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin makonni shida ba tare da ya zauna a aji ba, kuma a watan Janairu na 2024 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, lamarin da ya jefa har waɗanda suka yi karatu na gaskiya cikin ƙunci. Idan makarantar a ƙasa maƙwabciya take da ake zuwa a mota, to kuɗin aika kawunsa ya je ya kwana biyu bai kai komai ba a kan kuɗin shekara shida. Ya je ba tare da sanar da wakilin ba, ya ga ko haraba ce ta gaske ko hawa biyu ne na haya a saman shaguna, ya kuma nemi a kai shi asibitin da ɗalibai suke koyon aiki, ya ga ko akwai marasa lafiya a kan gadaje da ɗalibai masu farar riga a bayan likita. Ba a koyon likitanci a inda babu majinyata.

Idan ƙasar mai nisa ce, ki nemi ɗalibanmu da suke can ta hanyar da ba ta wakilin ba, kamar ƙungiyar ɗaliban Nijeriya ta ƙasar ko ofishin jakadancinmu, ki yi magana da wanda ya kai shekara ta huɗu ko ta biyar. Ki tambaye shi da wane harshe ake magana da marasa lafiya a asibiti, domin akan yi lakca da Turanci amma majinyaci da harshensa zai yi bayanin ciwonsa. Ki tambayi yadda ake karɓar takardar bayanin sakamako idan ɗalibi yana son sauya makaranta, domin waɗanda yaƙi ya koro daga Yukiren a 2022 da kuma Sudan a watan Afrilu na 2023 da yawansu a kan wannan takarda suka sha wahala bayan sun dawo. Kafin a biya ko kobo, a rubuta wa ma'aikatar ilimi ta tarayya da majalisar likitoci ta MDCN a nemi matsayin makarantar a wurinsu. Ki kuma sanar da ɗanki tun yanzu cewa duk wanda ya karanta likitanci a waje sai ya zauna jarrabawar wannan majalisa ya ci kafin a ba shi lasisin aiki a Nijeriya, saboda haka ya tambayi waɗanda suka kammala makarantar ko sun zauna ta, da kuma yadda suka ƙare da ita.